Daga Ramin Kuza zuwa Ɗakin Gwajin Cip: Ƙofar da ta Rage wa Jos

A garin Veldhoven na ƙasar Holan akwai kamfani mai suna ASML, wanda shi kaɗai a duniya ke ƙera na'urar da ake zana mafi ƙanƙantar ƙwayoyin cip da ita, wato waɗannan 'yan guntayen silikon da ke zama ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta da mota, waɗanda masu gyaran waya a Taminus ta Jos ke kira aisi. Kuɗin na'ura guda ya haura dala miliyan 150. Abin da ya kamata ya ja hankalin mutumin Jos shi ne yadda take samar da haskenta. Narkakken ƙarfen kuza ake ɗigowa a cikinta, ɗigo 50,000 a kowace daƙiƙa, ko wanne bai kai kaurin silin gashi ba, sai a harbe shi da hasken leza har ya yi zafin da ya ninka na fuskar rana sau da dama. Daga nan ne wani haske mai tsawon zango nanomita 13.5 ke fita, madubin kamfanin Zeiss na Jamus ya tattara shi, ya zana hanyoyin lantarki a kan faifan silikon. Irin kuzar da kakanninmu suka haƙa a Naraguta da Bukuru da Barikin Ladi ita ce a tsakiyar wannan fasaha. Ra'ayina shi ne Jos na da hanyar shiga wannan sana'a, amma ta ƙofa ɗaya tak, ƙofar tace kuza da naɗe cip da gwada shi, kuma duk wanda ya yi mana alkawarin abin da ya wuce wannan a yanzu, ko dai bai san sana'ar ba ko kuma yaudararmu yake.

Sai mun fahimci yadda ake yin cip kafin mu gane inda za mu iya sa ƙafa. An ƙirƙiro taransista a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1947. A 1958 Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments ya haɗa sassan lantarki da yawa a kan guntu ɗaya, a 1959 kuma Jean Hoerni da Robert Noyce na kamfanin Fairchild suka gano yadda za a shimfiɗa su a fuskar silikon ta hanyar da za a iya yin dubbai a lokaci guda. A daidai wannan lokaci ne Mohamed Atalla, haifaffen Port Said a Masar, tare da Dawon Kahng ɗan Koriya, suka ƙera irin taransistar da kusan kowane cip na yau ya dogara da ita. A 1971 cip ɗin Intel 4004 na ɗauke da taransista 2,300, na cikin wayar zamani kuwa na ɗauke da biliyoyi. Wannan rabin farko na aikin, wato zanawa da ginawa a kan faifai, yana ɗaukar matakai ɗaruruwa da kimanin wata uku, a ɗakin da ƙura guda ke iya lalata kaya, kuma masana'antar zamani guda ɗaya na iya cin dala biliyan 20. Shi ya sa kamfanoni ƙalilan suka rage a wannan fage, TSMC na Taiwan da Samsung na Koriya ta Kudu da Intel na Amurka. Ita kanta Amurka sai da ta ware dala biliyan 52 a 2022 don ta dawo da wannan aiki gida. Nijeriya ba ta da abin shiga wannan kokawa, kuma faɗin haka ba gazawa ba ce, sanin ciwon kai ne.

Rabi na biyu shi ne wanda ba a cika magana a kai ba, alhali babu cip ɗin da ke isa kasuwa sai ya bi ta nan. Idan faifai ya fito, ba dukkan ƙwayoyin da ke kansa ne lafiyayyu ba. Ana kawo wani allo mai ɗauke da siraran allurai dubbai, a taɓa kowace ƙwaya, a tura mata wuta, a auna amsar da ta bayar, a yi wa maras kyau alama. Sannan a yayyanka faifan, a ɗauki masu kyau a haɗa su da ƙafafun da za su zauna a kan allon waya, a rufe su da roba mai tauri, a sake gwadawa. Waɗanda za su shiga mota ko jirgi ko na'urar asibiti, har gasa su ake yi cikin zafin da ya kai digiri 125 suna aiki, domin mai rauni ya mutu tun a masana'anta. Wannan ɓangare yana da nasa ƙirƙire-ƙirƙiren. A shekarun 1960 kamfanin IBM ya fito da dabarar kifa cip a kan ƙananan ƙwallayen dalmar liƙi maimakon ɗaura masa wayoyi ɗaya bayan ɗaya. A 1966 kamfanin Teradyne na Boston ya fito da na'urar gwaji da kwamfuta ke sarrafawa. A 1990 aka amince da tsarin JTAG, wanda ke sa a gina hanyar gwaji a cikin jikin cip ɗin tun daga zane. Wanda ke ganin gwaji ƙaramin abu ne ya tuna da 1994, lokacin da wani kuskuren lissafin rabawa ya kuɓuce a cip ɗin Pentium, ya jawo wa Intel asarar dala miliyan 475.

A wannan rabi na biyu ne kuza take da babbar kasuwa. Kimanin rabin kuzar da duniya ke amfani da ita a dalmar liƙi take ƙarewa, kuma tun da Tarayyar Turai ta hana sa gubar dalma a yawancin kayan lantarki a 2006, abin liƙin da aka koma amfani da shi fiye da kashi 95 cikin 100 kuza ce zalla. Tantalam, wanda ake samu tare da kolombait a duwatsun Filato, shi ma yana shiga cikin cip da ƙananan ma'ajin caji na waya. To ina Jos a cikin wannan ciniki? Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwai suna narka kuza su zuba ta siririya kamar tsinke, fatake su kai Kano da gaba. Daga farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka mamaye filin, aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, aka kafa babban kamfanin kuza na ATMN a 1939. Da Japan ta kama Malaya mai arzikin kuza a yaƙin duniya na biyu, aka tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin kuza tsakanin 1942 da 1944, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna, da yawa kuma ba su koma gida ba. A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait. An buɗe matatar kuza ta Makeri a farkon shekarun 1960, kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoban 1985, manyan kamfanoni suka watse, matatar ta mutu. Abin da aka bar mana shi ne kududdufai masu cin yara da dabbobi, da samari masu shiga ramin loto da igiya da fitila, suna sayar da kuza a mudu, a loda ta a buhu a fitar.

Malesiya ce hujjata mafi ƙarfi, domin ƙasar kuza ce kamarmu, ta ma fi mu, kuma rushewar 1985 ta same ta kamar yadda ta same mu. Bambancin shi ne ta riga ta shirya. A 1972 gwamnatin jihar Penang ƙarƙashin Lim Chong Eu ta buɗe yankin masana'antu mai rangwamen haraji a Bayan Lepas, kamfanoni irin su Intel da AMD da Hewlett-Packard da Hitachi da Bosch suka zo. Ba zanen cip suka kawo ba, aikin haɗawa da gwaji suka kawo, wanda 'yan mata masu takardar sakandare ke yi a gaban madubin ƙara girma. An raina aikin a lokacin, an ce bauta ce. Amma a cikinsa aka horar da injiniyoyi, wasunsu suka fita suka kafa nasu, kamar ViTrox da tsofaffin ma'aikatan Hewlett-Packard biyu suka kafa a 2000, wanda yau ke ƙera na'urorin duba lahanin cip yana sayar wa duniya. Yanzu kimanin kashi 13 cikin 100 na aikin naɗewa da gwajin cip na duniya a Malesiya ake yin sa, kuma ba ta bar matatar kuzarta ta mutu ba, har daga Afirka take sayen ɗanyar kuza. Indiya ma ta nan ta shigo, da masana'antar haɗawa da gwaji ta kamfanin Micron a Sanand ta jihar Gujarat. A nahiyarmu, kamfanin STMicroelectronics na da irin wannan masana'anta a Bouskoura kusa da Kasablanka a Maroko.

Za a ce ba mu da wutar lantarki, kuma wannan gaskiya ce mai nauyi, domin ɗaukewar wuta na daƙiƙa guda na iya ɓata gwajin sa'o'i. Sai dai masana'antar gwaji ba ta buƙatar a gyara wutar ƙasa gaba ɗaya, yanki guda take buƙata mai wutar kansa. Jos ta san wannan tsari tun wajen 1930, lokacin da kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra domin injinan kuza, kuma har yau yana nan. Ƙara da hasken rana da sanyin tudun da ya kai mita 1,200, wanda ke rage kuɗin sanyaya ɗakuna, za a ga cewa a duk Arewa babu garin da ya fi Jos dacewa. Za a kuma ce kuzar da na'urar ASML ke ci 'yar kaɗan ce, kuma mallakar ma'adini ba ya jawo masana'anta, tunda Taiwan ba ta da shi. Wannan ma daidai ne, kuma shi ne ainihin darasin. Daraja tana cikin tsarkakewa da aunawa da iya tabbatar wa mai saye cewa kowane kaya daidai yake da na jiya. Kuza ba za ta kawo mana Intel ba, amma matatar da ke fitar da ƙarfe mai tsarkin kashi 99.9, da masana'antar wayar liƙi da ƙwallayen liƙi, za su koya mana ɗabi'ar awo da gwaji, wadda ita ce jarin wannan sana'a.

Akwai masu cewa ana fama da yunwa da yaran da ba su zuwa makaranta, ina amfanin zancen cip? Amsata ita ce aikin haɗawa da gwaji na cikin sassan fasahar zamani ƙalilan da ke ɗaukar mutane da yawa masu matsakaicin ilimi. Kuma hannun da zai yi shi yana nan. A zaga Titin Ahmadu Bello a Jos a ga samari, da yawansu daga unguwannin Dutse Uku da Nasarawa Gwom da Angwan Rogo da Tudun Wada, suna ɗaga aisi daga allon waya da iska mai zafi, su share, su sake jera masa ƙwallayen liƙi, su mayar, su auna da mita. Wannan shi ne aikin Penang a ƙaramin sikeli, an koye shi a rumfa ba tare da takarda ba. Abin da suka rasa shi ne ilimin dalilin abin da hannunsu ya iya, da shaidar da kamfani zai yarda da ita.

Ƙalubalen da ya fi duka girma shi ne zaman lafiya, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Rikicin watan Janairun 2010 daga Dutse Uku ya faro, bayan na 2001 da na 2008, kuma har yau unguwanni a rabe suke, ƙauyukan Filato na binne gawarwaki. Mai jarin da zai zuba na'urorin miliyoyin dala, wanda dole kayansa su tashi a jirgi a ranar da aka yi alkawari, ba zai zo garin da dokar hana fita ke iya rufe shi mako guda ba. Babu rangwamen harajin da zai maye gurbin wannan. Amma a tuna cewa Malesiya ta yi mummunan rikicin ƙabilanci a watan Mayun 1969, shekara uku kacal kafin buɗe Bayan Lepas, kuma shugabanninta sun ɗauki samar da aiki a matsayin wani ɓangare na maganin. Samarin da ke shiga aiki tare da safe, Birom da Bahaushe da Anaguta da Afizere da Ibo a kan layi ɗaya, albashinsu na dogara da juna, sun fi wuyar ingizawa.

Don haka abin da nake kira a yi yana da tsari, kuma kowane mataki na da mai shi. Gwamnatin jiha da ma'aikatar ma'adinai ta tarayya su fara da dawo da tace kuza a Filato, su tsara masu haƙa cikin ƙungiyoyi masu rajista domin a san asalin kowane buhu, tunda manyan kamfanonin lantarki ba sa sayen kuzar da ba a san inda ta fito ba. Cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa da ke Jos ta samu ɗakin awon da duniya za ta yarda da sakamakonsa. Jami'ar Jos da kwalejin fasaha ta Barikin Ladi su buɗe kwasa-kwasan liƙi da gwajin kayan lantarki, su karɓi masu gyaran waya ko da ba su da takardar shiga jami'a. Daga nan a ware fili guda mai wuta da ruwa da tsaro kusa da filin jirgin Heipang, a fara da haɗa allunan mitar wuta da na'urorin sola, kafin a nemi kamfanin gwajin cip. Wannan aikin shekara goma sha biyar ne ko ashirin, ya fi wa'adin kowane gwamna, kuma shi ya sa sai jama'a sun riƙe shi da kansu. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a Dutse Uku, a tambaye shi ranar da za a sake kunna wutar matatar kuza a Jos, da yawan yaran unguwar da zai tura koyon gwaji, a rubuta amsarsa a ajiye har zaɓe na gaba.