Yaƙin Rasha da Yukiren: Me ya sa ake kashe juna a kan tashoshin jirgin ƙasa?

Duk mai bin labarin yaƙin Rasha da Yukiren tun daga 24 ga Fabrairu 2022 zai lura da wani abu. Sunayen wasu ƙananan garuruwa ne suka fi yawo a labarai: Kupiansk, Lyman, Tokmak, Pokrovsk. Ba fadar gwamnati a cikinsu, amma an zubar da jini mai yawa a kansu. Dalili kuwa, duk garuruwan nan suna kan layin dogo, wasu ma mahaɗa ce da layuka ke rarrabuwa.

Mu da muka tashi a kara ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sa komai ƙibarsa a Arewa, in babu abin da zai kawo shi Agege ko Akinyele a kan lokaci, asara ce. Baba yakan ce a zamaninsu tarago ake yi wa lodin shanu daga Kano, jirgi ɗaya ya kwashe abin da yau sai tireloli da dama. To haka yaƙi yake. Soja yana buƙatar abinci da mai da harsashi kullum, tankar yaƙi guda kuma ta haura tan 40. Babu abin da ke jan wannan nauyi zuwa nesa da araha kamar jirgin ƙasa.

Sojojin Rasha sun dogara da dogo ƙwarai, har runduna ta musamman gare su mai shimfiɗa layi da gyara shi. Matsalarsu tana farawa ne daga inda layi ya ƙare. Mun gani a Maris 2022, lokacin da jerin motocinsu mai tsawon kusan kilomita 60 ya maƙale a arewacin Kyiv, ga ƙarancin mai, ga kwanton ɓauna. A can baya kuma, cikin Belarus, wasu masu adawa da yaƙin suna ƙona na'urorin ba jirage hannu don su jinkirta kaya. Daga ƙarshe Rasha ta janye daga yankin, ta mayar da ƙarfinta gabas, inda layukan dogo ke haɗe da ƙasarta kai tsaye.

Yukiren ta gane lagon. A Satumba 2022 ta ƙwace Kupiansk, mahaɗar da ke ciyar da sojojin Rasha a Izium, sai ga su suna gudu suna barin tankoki. Ranar 8 ga Oktoba kuma wata mota ta tarwatse a kan gadar Kirimiya mai tsawon kilomita 19, wuta ta kama taragun mai da ke wucewa. Farmakin 2023 ma Tokmak da Melitopol ya nufa, don a datse hanyar kudu. Bai yi nasara ba, ita kuwa Rasha ta duƙufa shimfiɗa sabon layi ta wajen Mariupol don kada ta dogara da gada ɗaya.

Ita ma Yukiren da dogo take numfashi. Tun ranar farko aka rufe sararin samaniyarta, saboda haka kamfanin jiragen ƙasarta, Ukrzaliznytsia, shi ya kwashe mutane kusan miliyan 4 daga bakin wuta. Shugabannin duniya ma ta nan suke shiga. Joe Biden sai da ya yi kusan awa 10 a jirgi daga Polan a Fabrairu 2023. Talaka kuwa ya biya da ransa: ranar 8 ga Afrilu 2022 makami mai linzami ya faɗa tashar Kramatorsk, ya kashe fiye da mutum 50 da ke jiran jirgin gudun hijira.

Akwai kuma maganar faɗin layi. Na Yukiren da Rasha milimita 1,520 ne, na yawancin Turai 1,435. Wato jirgin Polan ba zai hau layin Yukiren haka kawai ba, sai an sauke kaya an sake lodi, ko a canza ƙafafun tarago. Wannan ya wahalar da sojojin Hitler a 1941. Shi ne kuma ya sa da aka toshe tashoshin ruwan Yukiren, alkama ta yi ta jiran layi a kan iyaka, farashinta ya tashi a duniya, mu ma muka ji a jikinmu wajen mai shayi da burodi.

Amma kada a ɗauka da an fasa layi yaƙi ya ƙare. Ƙarfen dogo yana da saurin gyara, sau da yawa cikin awanni jirage sun ci gaba da tafiya. Shi ya sa yanzu jirage marasa matuƙa suka fi neman gadoji, tashoshin lantarki da kan jirgin kansa, abubuwan da ba a maye gurbinsu a kwana ɗaya. A ganina, wanda ya fi iya gyara shi zai fi daɗewa a fili.

Nan ne ya kamata mu duba gida. Hari ɗaya aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, amma bai dawo aiki ba sai Disamba. Tsohon layinmu na Legas zuwa Kano ƙunci ne da shi, milimita 1,067, sababbin kuma 1,435, ba sa shiga juna. Shanu, tumatir, albasa da hatsin da ke ciyar da Kudu duk sun koma kan kwalta, gada ɗaya ta lalace ko rikici ya tare hanya, kasuwa ta birkice, mu mazauna nan mu ne farkon shan wuya. Ƙasar da ake ruwan bama-bamai tana tafiyar da jiragenta, mu da ba mu cikin irin wannan yaƙi me ya hana mu?

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.