Kama da Wane Ba Ta Wane: Darasi Daga Tsuntsayen Empidonaks

Masu iya magana kan ce kama da wane ba ta wane. Da wuya a sami wata halitta da ta gaskata wannan karin magana kamar wasu ƙananan tsuntsaye masu cafke ƙwari a iska, waɗanda ke hayayyafa a dazuzzukan Amurka ta Arewa. Masana suna kiran zuriyarsu Empidonaks, wato "sarkin sauro" a harshen Girka. Nauyin ɗayansu bai cika wuce giram 14 ba. Gadon bayansu toka-toka ne mai ratsin kore, suna da layuka biyu masu haske a kowane fiffike, kuma galibinsu suna da farin zobe a kewayen ido. Idan sanyi ya kawo jiki sukan yi ƙaura zuwa Meziko da Amurka ta Tsakiya, wasu har Amurka ta Kudu.

Akwai masu ganin cewa rarrabe tsakanin irin waɗannan tsuntsaye aikin marasa abin yi ne. Tarihin biyu daga cikinsu ya isa ya rushe wannan ra'ayi.

A shekarar 1828 shahararren mai zanen tsuntsaye, Jon Jems Odubon, ya raɗa wa wani tsuntsu sunan abokinsa Tomas Tirel. Fiye da ƙarni guda ana ɗaukar tsuntsun Tirel a matsayin jinsi ɗaya, domin ko a tafin hannu aka riƙe shi, ido ba ya nuna wani bambanci na a zo a gani. Kunne ne ya tona asiri. An lura cewa wasu mazan kan yi kuka mai kama da "fi-bi-yo", wasu kuma "fits-byu". Binciken Robat Sitain a shekarun 1950 da 1960 ya nuna cewa masu kukan biyu ba sa cuɗanya wajen hayayyafa, ko da suna zaune a wuri ɗaya. Saboda haka a 1973 ƙungiyar masana tsuntsaye ta Amurka ta raba su gida biyu: Empidonax alnorum, mai son dausayin arewa har Kanada da Alaska, da Empidonax traillii, wanda mazauninsa ya fi karkata kudu.

Mai karatu zai iya tambaya: ashe kuka ba abin koyo ba ne, kamar yadda yaro ke ɗaukar harshen unguwarsu? Ga tsuntsaye da dama haka abin yake, amma ban da waɗannan. A 1984 Donal Kurudsima ya buga sakamakon wani gwaji inda ya reni 'ya'yan jinsunan biyu, yana kunna wa kowanne faifan kukan ɗaya jinsin. Da suka girma, kowanne ya rera kukan iyayensa sak. Kukan gado ne da ke cikin jini, don haka shaida ce da za a iya dogara da ita.

Amfanin wannan sani ya wuce gyaran littattafai. A kudu maso yammacin Amurka, a bakin kogunan Arizona da Niyu Meziko da kudancin Kalifoniya, akwai wani reshe na traillii da madatsun ruwa da karkatar da koguna da kiwo suka cinye masa kurmin da yake sheƙa. Daɗin daɗawa, wani tsuntsu mai bin shanu yana zuba ƙwansa a sheƙarsa, ya bar masa wahalar reno. A 1995 gwamnatin Amurka ta sanya shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Masu ƙidayarsa kan kunna faifan "fits-byu" a bakin kogi, su saurari amsa. In ba da wannan kuka ba, babu mai iya rantsuwa a kan wanda ya gani. Haka nan, duk ƙidayar da ta cakuɗa jinsuna biyu, yawan ɗaya zai iya lulluɓe raguwar ɗayan, sai ɓarna ta yi nisa kafin a farga.

Masu suka suna da wata hujja da bai kamata a yi watsi da ita ba. Sukan ce masana ba su da tsayayyar magana, domin a 1989 sun raba wani Empidonaks na yammacin Amurka gida biyu, sa'an nan a 2023 suka sake haɗe shi. Gaskiya ne. Amma an haɗe su ne bayan sababbin shaidu sun nuna cewa suna barbarar juna a inda mazauninsu ya haɗu. Ma'aunin da ya raba na farko shi ne ya haɗe na biyu. Ilimin da ke sauya hukunci idan hujja ta sauya ya cancanci a ƙara amincewa da shi.

Hasali ma, har yau masu sanya wa tsuntsaye zobe a lokacin ƙaura, idan suka kama ɗayan biyun nan bai yi kuka ba, kuma awo bai warware ba, sukan rubuta "na Tirel" kawai. Wannan ladabi ne na ilimi: kada a faɗi abin da shaida ba ta kai ba.

Wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970. A irin wannan hali, wajibi ne sassan nazarin halittu su horar da kunnen ɗalibi kamar yadda suke horar da idonsa, su fitar da shi daji da asuba. Wanda bai san abin da yake ƙirgawa ba, ba zai san ranar da ya fara ɓacewa ba.