Masu Tonon Ɓaraguzai Su Ma Majiyyata Ne

Duk lokacin da gini ya rushe ko gobara ta tashi, jaridu suna ƙidaya mutum iri biyu ne kawai, watau waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da waɗanda aka ciro da rai. Akwai kashi na uku da ba a sa su a lissafi, su ne mutanen da suka shiga cikin ƙura da hayaƙi suka yi tonon. A ra'ayina wannan babban kuskure ne, kuma abin da ya faru a Amurka ya ishe mu shaida.

Ran 11 ga Satumba, 2001, dogayen benayen nan biyu na Cibiyar Ciniki ta Duniya a birnin Niyok suka zube, mutane kusan 3,000 suka halaka a hare-haren wannan rana, cikinsu har da 'yan kwana-kwana 343. Dubun dubatar ma'aikata, da 'yan sanda da magina da direbobi da 'yan sa kai, suka yi ta kwasar ɓaraguzai har ƙarshen watan Mayu na 2002. Wuta ta yi ta ci a ƙarƙashin tulin har watan Disamba. Ƙurar wurin kuwa garin siminti ce da na gilashi da asbesto da sauran guba. Duk da haka, mako guda bayan harin shugabar hukumar kare muhalli ta ƙasar, Christine Todd Whitman, ta ce iskar ba ta da illa. Sai a 2016 ta nemi gafara.

Huhu ne ya fara kai ƙara. Likitocin 'yan kwana-kwana sun auna numfashinsu, suka tarar a shekara guda ƙarfin huhunsu ya ragu gwargwadon abin da tsufan shekara 12 yake ragewa, kuma bai komo ba. A watan Satumba na 2023 yawan ma'aikatan hukumar da cututtukan wurin suka kashe ya kai 343, daidai da waɗanda benayen suka danne.

To, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne binciken da Sean Clouston da Benjamin Luft da abokan aikinsu suka yi a Jami'ar Stony Brook. A 2016 suka ba da sakamakon gwajin mutum 818 daga cikin ma'aikatan ceton, mutanen da galibinsu ba su daɗe da haura shekara 50 ba. Kimanin kashi 13 cikin 100 aka same su da raunin tunani, irin su mantuwa da kasa tattara hankali. Kuma raunin ya fi yawa a wurin masu ciwon firgici mai dawowa, musamman waɗanda abin da suka gani yake faɗo musu ido biyu ko a mafarki kamar yanzu ne yake aukuwa. Da aka gwada jikinsu, sai ga shi masu wannan ciwo sun fi nawar tafiya, sun fi shan wuyar tashi daga kujera, damƙar hannunsu kuma ta fi rauni. Watau ƙato ne mai shekara 50, amma ƙafarsa da ƙwaƙwalwarsa sun riga shekarunsa yin gaba. Daga baya, a 2024, suka ba da labarin mutum 5,010 da suka bi sawunsu, 228 daga ciki gigin tsufa ya kama su tun ba su cika 65 ba. Waɗanda suka fi daɗewa cikin ƙurar su ne abin ya fi yi wa yawa, masu sa takunkumi da kayan kariya kuwa ya zo musu da sauƙi.

Masanan suna nuna hanya biyu da cutar take bi. Ɗaya ita ce ƙura mai laushi da take shiga jiki ta hanci. Ɗayar kuwa firgicin ne kansa: jikin da kullum yake cikin shirin gudu ba ya samun barci mai nauyi, sinadaran tashin hankali ba sa kwantawa, kumburin cikin jiki yana daɗewa, a hankali yana cin tsoka da ƙwaƙwalwa tare. Saboda haka mai cewa firgici ragwanci ne, namiji ba ya kuka, sai ya sake tunani. Waɗannan mutane ne da suka doshi benen a lokacin da kowa yake gudunsa.

Amurkawa ma ba su yi saurin yarda ba. Sai da wani ɗan sanda, James Zadroga, ya mutu a 2006 yana da shekara 34, aka yi ta ja-in-ja a majalisa, sannan Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da take ɗauke da sunansa a farkon 2011. A 2015 aka tsawaita kula da lafiyar ma'aikatan har zuwa 2090. Abin lura shi ne, an iya yin wannan duka ne domin tun farko an rubuta sunayensu, an auna su, ana kuma sake auna su.

Yanzu fa mu dawo Kurmi. Duk mazaunin Ikko ya san 27 ga Janairu, 2002, da rumbun makamai na barikin Ikeja ya fashe, mutane fiye da 1,000 suka mutu, yawancinsu a magudanar ruwan Oke-Afa. Mun kuma ga bene mai hawa 21 da ya rufto a titin Gerrard, Ikoyi, ran 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe fiye da mutum 40. Kafin motocin hukuma su iso irin wannan wuri, su wa suke fara tono? Leburorin wurin, da masu gadi, da 'yan dako, da 'yan ga-ruwa, da diga da shebur da kwanon sarki, wani ma da hannu. 'Yan'uwanmu suna da yawa a waɗannan sana'o'i. In an gama sai kowa ya kaɗe rigarsa ya koma Agege ko Idi-Araba. Bayan shekara goma, in ya fara mantuwa ko ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, sai a ce iska ce ko sammu, a sa shi a mota zuwa gida, kuɗin da yake aika wa iyali kuma ya yanke.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci damuwar ƙwaƙwalwa cikin abubuwan da ake biya, amma mai aikin yini da ɗan sa kai ba su da takardar da za su nuna. Don haka ya kamata hukumar NEMA da LASEMA ta Jihar Legas su riƙa rubuta sunan duk wanda ya yi tono a wurin bala'i, ko ma'aikaci ne ko mai wucewa, su raba takunkumi tun sa'ar farko, su kuma kira mutanen a duba huhunsu da tunaninsu kowace shekara. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da sauran unguwanninmu sun san mutanensu, suna iya ajiye nasu littafin ba sai sun jira gwamnati ba. Wanda kuma aka ga barci ya ƙaurace masa wata da watanni bayan irin wannan aiki, a raka shi asibitin Yaba ko na Aro a Abeokuta tun ƙafarsa tana iya kai shi.