Akwai tukwane a cikin wayarka, kuma nan ya kamata mu sa ido

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa wurin mai gyara a Bichi ko Dambatta saboda tana zafi tana shanye caji, wataƙila ya ji an ce masa "shot ne". Sau da yawa mai laifin wani ɗan mitsitsin abu ne mai launin ƙasa-ƙasa, bai kai ƙwayar gero ba, sunansa kafasita. Waya guda tana ɗauke da ɗaruruwansu, manyan wayoyi ma sukan kai dubu. Aikinsu su riƙe wuta su sake ta daidai lokacin da injin waya ya buƙata, kamar randar da ke kusa da madafi. Kuma gasasshen yumɓu ne. Shi ya sa idan waya ta faɗi, ko ta lanƙwashe a aljihun baya, sukan tsage kamar tukunya.

Sai dai ba yumɓun kududdufi ba ne. Wani farin gari ne da ake kira bariyam taitanet, wanda aka gano ƙarfinsa na riƙe lantarki a shekarun 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu. Ana haɗa sinadarin bariyam da na taitaniyam, ko dai a gasa su tare, ko a dafa su da ruwa a rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai matsi. Daga nan a kwaɓa garin, a shimfiɗa shi falle-falle, a riƙa sa siririn ƙarfen nikel tsakanin kowane falle, a jera ɗaruruwa, a yanka, a gasa da zafin da ya wuce digiri 1,000.

Sirrin yana wajen laushin garin. Idan falle ya yi siriri, kafasita ta fi ɗaukar wuta ba tare da ta ƙara girma ba, kuma falle ba zai yi siriri ba sai ƙwayoyin garin sun yi ƙanana, kamar nanomita 100, wato silin gashi ɗaya ya ninka su kauri sau ɗaruruwa. Ido ba ya ganin wannan. Sai an haska garin da hasken eksire a ga tsarinsa, a duba girman ƙwayoyin da madubin ilektiron. Kamfanoni irin su Murata da TDK na Japan da Samsung na Koriya ta Kudu a nan suka yi wa kowa fintinkau. Da kayan suka yi ƙaranci a 2018, masu ƙera na'urori a duk duniya sun ji a jikinsu.

Ra'ayina ke nan: mu rage ɗokin "wayar da aka ƙera a Najeriya". Galibi haɗa sassan da aka shigo da su ne, a ɗaure da kusa a manna suna. Garin nan ya fi cancanta mu bi. Muna da dutsen barait, tushen bariyam, a Azara ta jihar Nasarawa da wasu jihohi, amma akasari niƙa shi ake yi a kai wa masu haƙar mai. Muna da ma'adinan taitaniyam a cikin yashin da masu haƙar kuza suka bari a Jos.

Kuma mu mutanen arewacin Kano ba baƙin wannan tunani ba ne. Masu ginin tukwane na Dawakin Tofa sun san cewa yumɓu mai tsakuwa ba ya yin tukunyar kirki, sun san wutar da ta yi gaggawa tana fasa kaya. Ba ina cewa za su gasa kafasita da kara da kashin shanu ba ne, a'a. Amma a yankin da gonaki suka matsu, gado ya rarraba su har gonar mutum ba ta ciyar da gidansa, matasa na buƙatar sana'ar da ba ta cin fili. Ga kwalejin ilimin fasaha ta tarayya a Bichi, ga sassan kimiyya a Jami'ar Bayero.

Wani zai ce ina mu ina gasa da Japan? Gaskiyarsa. Tsabtar da garinsu ke buƙata ba wasa ba ce, kuma ɗanyen barait sai an bi da shi matakai kafin ya zama bariyam kabonet, wanda shi kansa guba ne idan aka yi sakaci. Amma ba kafasitar waya kaɗai ake yi da garin ba. Ana yin manyan kafasitoci masu kama da kwabo, da ɗan abin da ke takaita wuta idan na'ura ta yi zafi, irin waɗanda ake samu a caja da inbata. Waɗannan ba sa buƙatar laushin nanomita 100, kuma kasuwarsu tana ƙaruwa a duk ƙauyen da aka kafa shagon caji da sola.

Abin da zan roƙi gwamnatin jiha da jami'o'inmu ba babbar masana'anta ba ce. Ɗakin gwaji guda ne mai tanda, da na'urar eksire, da ma'aikacin da ya iya gyaranta, da wutar da ba a ɗaukewa, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashin awa da awanni, duk abin da ke cikin tandar sai dai a sake daga farko.