Babur Mai Lantarki a Karkara: Wa Zai Riƙe Sifana?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, lissafin manomin Bichi da Ɗanbatta da Makoɗa ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Don haka ba abin mamaki ba ne yadda matasa ke ɗokin babur mai aiki da lantarki, wanda ba ya shan mai, ba a yi masa juyen baƙin mai, kuma ba ya damun kowa da ƙara.

A gaskiya yankin ya dace da shi. A arewacin Kano gona na bin gona, ƙauye na hangen ƙauye, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma tafiyar yau da kullum ba ta wuce gida zuwa gona, ko kasuwa, ko asibiti. Wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce, amma rana ba ta yi mana rowa ba.

Sai dai wani hanzari ba gudu ba. Mai karatu ya tambayi kansa: me ya sa Jincheng, daga baya kuma Bajaj, suka samu gindin zama a karkara? Ba don kyau ba ne. Dalilin shi ne duk bakaniken da ke gindin darbejiya zai iya kwance injinsu da safe ya ɗaure kafin la'asar, kayan gyara kuwa ana samunsu ranar kasuwa. Babur mai lantarki ba haka yake ba. Ransa na cikin batir da wata 'yar na'ura mai sarrafa wuta, kuma kamfani na iya kulle su da manhaja ta yadda ba mai taɓawa sai wakilinsa. Idan wakilin yana Legas, abin ya tsaya a Kunci ana tsakiyar kai taki, to mai shi ya sayi wahala da kuɗinsa.

Wannan ba hasashe ba ne. A Yulin 2023 kamfanin VanMoof na ƙasar Holan, mai ƙera kekuna masu lantarki, ya karye, masu kekunan suka shiga fargaba domin mabuɗin kekunan na cikin manhajar kamfanin, kayan gyaran ma nasa ne shi kaɗai. A nan Afirka kuwa, tsarin kamfanin Spiro shi ne batirin ya zama nasa, mahayi ya je tasha ya musanya wanda ya ƙare da cikakke. Dabara ce mai kyau a Kwatano ko Lome, amma ina amfaninta ga garin da babu tasha?

Turawa sun farga. Tarayyar Turai ta yi dokar 'yancin gyara a 2024, kuma dokarta ta batura ta 2023 ta tanadi cewa daga 2027 dole ƙwararren da ba na kamfani ba ya iya cire batirin irin waɗannan ababen hawa ya sa wani.

Kamfanonin ma suna da hujja, kada mu zalunce su. Batirin lithium idan aka yi masa gyaran ganganci yana kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa; yawan irin wannan gobara ne ya sa birnin New York kafa dokar ingancin batir a 2023. Ka kwatanta haka da zafin bazararmu, da zauren da ke kusa da rumbu da tarin kara. Amma a ganina maganin wannan koyarwa ce, ba kwaɗo ba.

Abin da ya kamata hukumar SON da ta kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, su yi tun kafin baburan su cika kasuwa shi ne su gindaya sharaɗi: duk mai shigo da su ya kawo kayan gyara, ya fitar da littafin gyara, har da na Hausa, ya kuma sayar wa bakanike na'urar gano matsala. Jihar Kano kuma tana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi a ƙofar gida. Yaran da ke gyaran waya da haɗa sola a kasuwanninmu sun riga sun san hanyar wuta. Horo a kan batir kawai ya rage musu.