Kada Ka Bar Maganin Hawan Jini Don Ka Ji Sauƙi

Ɗan'uwa, jijiyoyin jininka suna da tsoka a jikinsu. A kowace ƙwayar tsokar akwai 'yan ƙananan ƙofofi. Ta nan sinadarin kalsiyam yake shiga. In ya shiga, tsokar ta ɗaure, jijiya ta tsuke. In jijiyoyi suka tsuke da yawa, jini ya hau.

Kowace ƙofa tana da mai tsaronta daga ciki, kamar sarkin ƙofa a ganuwar Kano. Wani furotin ne, ana kiransa kalmodulin. Idan kalsiyam ya shigo ya isa, shi ne yake kama shi, ya sa ƙofar ta rufe. Amma ga mai hawan jini, tsaron jiki kaɗai ba ya wadatarwa. Shi ya sa likita yake ba ka ƙwaya irin amlodipine. Aikinta ta tare waɗannan ƙofofi, jijiya ta saki, jini ya sauka. Ba ta cin kalsiyam na ƙashinka, kuma ba ta hana ka shan nono.

To, ƙwayar ba ta warkar da ciwon, danne shi take yi. In ka daina sha, ƙofofin za su koma yadda suke. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya ba da alama, sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Dubi 'yan'uwanmu na Hartum da Omdurman, har da Hausawan da kakanninsu suka zauna can a hanyar Makka. Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023, asibitoci da shagunan magani da yawa suka rufe. Su dole ce ta raba su da magani. Kai da yake hannunka, me zai sa ka ajiye?

Wani zai ce zoɓo ya ishe shi. Mutanen Sudan ma suna shansa sosai, suna ce masa karkade. Sha abinka, ka rage sukari, amma ba zai maye gurbin ƙwayar ba.

Ka sha maganinka kullum a lokaci ɗaya. Ka rage gishiri. In ƙafarka ta kumbura, kada ka daina da kanka, zo ka gaya wa likita. Ka zo karɓar wani kafin na hannunka ya ƙare. Ka rubuta sunansa a takarda, ka riƙe a aljihu, domin tafiya ba ta sallama.