Yawon Yini Guda: Abin da Arewa Za Ta Iya Sayarwa



Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka Dubai domin sarin kaya ya san wata takarda mai hotuna da ake miƙa wa baƙi a masauki. Mota kat-kat za ta zo ta ɗauke ka bayan azahar, a fita da kai daji, direba ya riƙa hawa tuddan rairayi yana gangarowa har hanjinka ya kaɗa, a ɗora ka bisa raƙumi, a ba ka abinci, a maido ka kafin tsakar dare. A ƙasar Oman, maƙwabciyarsu, abin ya fi haka tsari. Ana tashi daga Maskat da sassafe, a isa wani kwazazzabo da ake kira Wadi Bani Khalid, inda ruwa garai-garai yake kwance tsakanin duwatsu da itatuwan dabino, baƙi su yi iyo, sa'an nan a wuce rairayin Wahiba a yi hawan tudu har rana ta faɗi. Yini guda ke nan, kuma mutane suna biyan kuɗi masu kauri suna murna.

To, me ake sayarwa a can? In rairayi ne, Allah ya hore mana shi har ya yi yawa. In dutse ne, ga shi nan birjik. Abin da baƙo yake biya shi ne ɗan jagora wanda ya san hanya, da direba wanda ya san motarsa, da farashi wanda ba ya canzawa tsakanin safe da yamma, da tabbacin cewa wanda ya fita lafiya zai komo lafiya. Tsari ake saye, rairayin kyauta ne.

Nijar ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. A shekarun 1980, Agadas ta ci da ɗaruruwan gidaje da ita. Ana kai Turawa Timiya, cikin duwatsun Abzin, su yi wanka a tafkin da ke ƙarƙashin magangarar ruwa, su sayi lemu da rumman daga garake, daga nan a nufi tuddan Temet da hamadar Tenere. Marigayi Mano Dayak ya yi suna ne da kamfaninsa na yawon buɗe ido tun kafin a san shi da wani abu daban. Tseren motocin Paris-Dakar ya sha ratsawa ta can. Hukumar UNESCO ta sa gandun Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991. Amma tawaye ya tsayar da harkar, har zuwa sulhun 24 ga Afrilu 1995. Ta farfaɗo, sai rikicin 2007 ya sake karya ta, satar ma'aikata a Arlit a 2010 ta ƙarasa abin da ya rage. Tseren ma ya bar Afirka: ya koma Kudancin Amurka a 2009, ya wuce Saudiyya a 2020. A kudu kuma, Kure, inda 'yan jagora suke kai baƙi kallon raƙuman dawa, ta ga nata baƙin cikin ranar 9 ga Agusta 2020, da aka kashe Faransawa 6 tare da direbansu da ɗan jagoransu, 'yan Nijar.

Darasin a fili yake. Kasuwar da ta dogara ga baƙon da zai zo daga bayan teku, harsashi guda yana isa ya watse ta, kuma ɗan jagora da mai sayar da kayan hannu su ne suke kwana da yunwa. Wanda ya dogara da tukunyar wani, ba shi ne yake sa lokacin cin abinci ba. Saboda haka tambayar da ta dace da mu ita ce: mu da kanmu, ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan lakwal, yaushe za mu fara biyan kuɗi don mu ga ƙasarmu? Kuma ina ne ya fi kusa mu fara?

Amsata ita ce Arewa. Dogon Dutsi tana kan babbar hanya mai lamba 1, ba ta kai kilomita 300 daga Yamai ba. Kowace rana motocin Ƙonni da Tawa da Maraɗi da Damagaram suna tsayawa a can, fasinjoji su yi salla, su ci nama, su ɗaga kai su dubi dutsen da garin ya ci sunansa, su koma mota. Mutum zai ratsa garin shekara 20 bai taɓa taka ƙafarsa bisa tudun ba. Alhali abin da zai cika yini guda yana nan kewaye da shi.

A ce an tashi bayan sallar asuba, lokacin sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A fara da hawan Tozon Bijini kafin rana ta yi zafi. Daga sama mutum zai ga abin da littafin lakwal ya gaya masa bai fahimta ba: Dallol Mauri, tsohon kogin da ya daina gudu tun dubban shekaru, shimfiɗe daga arewa zuwa kudu har ya kai ga kogin Kwara wajen Gaya. Jajayen tuddan nan masu shafaffen kai ragowar tsohon fako ne da ruwa ya zaizaye, ya bar su tsaye ɗaiɗai. A cikin kwarin kuwa ruwa yana kusa da ƙasa, shi ya sa garake suke kore da rani, shi ya sa dankalin Dutsi ya yi suna a kasuwannin Yamai. An sa wani yanki na Dallol Mauri cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2004.

Daga nan a nufi arewa zuwa Matankari, tsohuwar fadar Sarkin Arewa, inda masu tarihin baka suke danganta asalin sarautar da Ari, ɗan sarkin Barno, da kuma yadda baƙi masu doki suka zauna da 'yan ƙasa masu tsafi, kowa da nasa hurumi. Wani Bafaranshe mai bincike, Marc-Henri Piault, ya rubuta littafi guda a kan wannan a 1970. Nan kusa Bagaji take, garin Baura. Sai Lugu, garin Sarauniya, inda a Afrilun 1899 mutanen Sarauniya Mangu suka tari rundunar Voulet da Chanoine da kwari da baka, rundunar da ta bar toka da gawa a duk inda ta bi, ta wuce ta ragargaza Birnin Ƙonni. Marigayi Abdoulaye Mamani ya mai da labarin littafi a 1980, Med Hondo ya mai da shi silima a 1986, silimar ta ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Yara nawa ne a Yamai suka san sunan Sarauniya? Dukansu. Nawa ne suka ga Lugu da idonsu? A nan ma akwai Tunguma, dutsen da mutanen da suke kai ƙara gabansa. Wanda ya fi son kudu kuma, sai ya bi ta Kore Mai Ruwa ya gangara Tibiri, ƙasar Samna, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ya ga fadamu da kasuwannin kan iyaka.

Sai dai a nan ne ya kamata mu yi hattara da kwaikwayo. Wani mai ɗan jari zai ga hoton Oman ya ce shi ma zai kai mutane iyo cikin kwazazzabo. Ruwanmu ba irin nasu ba ne. Na Wadi Bani Khalid daga idon ruwa yake fitowa, yana gudana duk shekara. Namu ruwan damina ne da yake taruwa a tafki, kamar Tafkin Sau na bakin gari, ya kwanta wata da watanni, dabbobi su sha, a yi wanki, a ɗebi na bulo. Irin wannan kwantaccen ruwa shi ne mazaunin ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana ratsa fata ne lokacin da mutum yake cikin ruwa, ba sai ya sha ba, bayan makonni sai a ga jini cikin fitsari. Akwai magani, likitoci suna ba da praziquantel, amma wane ne zai biya kuɗi ya sayo wa ɗansa ciwo? Nijar ta yi fama shekaru kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ta rabu da kurkunu. Wanda ya tuna wahalar nan ba zai yi wasa da ruwan tafki ba.

Haɗari na biyu ya fi gaggawa. Ƙoramun da suke gangarowa daga tuddai busassu ne mafi yawan shekara, yashinsu fari, inuwarsu mai sanyi, suna kiran mutum ya zauna. Amma da damina, hadari yana iya zubarwa bisa fako can nesa, inda kake ko ɗigo babu, sai ka ji ƙugi, kafin ka miƙe ruwa ya iso da itace da duwatsu. Fako ba ya shan ruwa, tura shi yake yi gaba ɗaya cikin ƙorama. Mutanen Dutsi sun san wannan, don sun sha ganin abin da ruwan tudu yake yi wa gidaje. A ƙasar Jodan, a Oktoban 2018, irin wannan ambaliya ta rutsa da masu yawon shaƙatawa cikin wani kwazazzabo kusa da Tekun Gishiri, mutum 21 suka rasu, yawancinsu 'yan makaranta. Saboda haka doka ta farko ga ɗan jagora a Arewa: daga Yuni zuwa Satumba, ba a shiga ƙorama da baƙi. Ruwa a kalle shi, a ɗauki hoto, a bar shi.

Haka batun hawan rairayi da mota. Tuddan Wahiba da na Tenere ba gonar kowa ba ne. Jigawar Arewa kuwa gonar gero ce da wake, ko makiyaya. Shekaru da dama manoma suna jera duwatsu, suna haƙa rabin-wata, suna kiwon gawo da sabara domin su riƙe ƙasar da iska da ruwa suke kwashewa. Kat-kat guda, in ta yi wasa rabin awa bisa gangare, za ta buɗe wa ruwa hanyar da za ta zama rami damina mai zuwa. Wanda yake son hawa, ga doki, ga raƙumi, ga amalanken shanu. Kuɗin kuma zai shiga aljihun mai dabbar, ɗan ƙauyen, maimakon ya ƙare a gidan mai.

Ba za mu rufe ido ga maganar tsaro ba. A 'yan shekarun nan an kai hare-hare a wasu sassan gundumomin Dutsi da Tibiri, musamman wajen kan iyaka da arewacin yankin. Ba wanda zai ɗauki 'ya'yan mutane ya shiga daji ba tare da sanin hukuma da jandarma ba, kuma ranar da suka ce a dakata, sai a dakata. Amma hawan tudun da ke bakin gari da zagayen garake ba sa bukatar jiran komai, kuma shiri ba ya ɓaci. Wanda ya gyara rijiya da rani shi yake shan ruwa da bazara.

Shirin kuwa mutum ne. Ɗan jagora na gari dole ya san abu uku. Ya san tarihi, daga bakin tsofaffi da kuma daga littafi, ya iya faɗinsa da Hausa da Faransanci ba tare da ƙari ba. Ya san ƙasa: wace ƙorama ce take cika da wuri, ina inuwa, ina likita mafi kusa, lita nawa na ruwan sha kowane baƙo zai riƙe, don a watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40. Ya kuma san hurumin mutane. Lugu gari ne mai masu shi da al'adunsa, ba rumfar kallo ba. Ana neman izini kafin a shiga, ana tambaya kafin a ɗaga na'urar hoto, inda aka ce kada a taka ba a takawa, ko da baƙon bai yarda da abin da suka yarda da shi ba. Baƙon da ya raina masu gida, shi ya rufe wa na bayansa ƙofa.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa, a matsayin misali kawai. A ce mutum 10 sun haɗu, kowa ya ba da jika 5, an sami jika 50. A fitar da na mota, a ba ɗan jagora nasa, a biya matar da ta dafa abincin rana, a ba masu dawaki, a ajiye wani kaso a asusun garin da aka ziyarta. In aka yi haka kowace Asabar cikin watanni 4 na sanyi, saurayin da ya gama lakwal yana zaune zai sami abin da zai hana shi tunanin hanyar Libiya ko Legas. Ba arziki ba ne, amma sana'a ce, kuma ba ta jiran jirgin sama daga Paris.

Abin da ake bukata daga hukumomin gari kaɗan ne: a zaɓi samari da 'yan mata kamar 10, a horar da su tare da malaman tarihi da ma'aikatan gandun daji da na lafiya, a ba su takardar shaida, a rubuta farashi a allo a tasha. Sarakuna su sasanta da garuruwan da za a ziyarta a kan kasonsu. Shugabannin makarantu su sa fita guda cikin shekara. 'Yan kasuwar Arewa da ke Yamai da Kwatano, waɗanda suke biyan kuɗin hawan rairayi a Dubai, su tuna akwai tudu a bayan gidan kakanninsu. Kai kuma ma'aikaci, ran da hutu ya kama ka kan hanyar Ƙonni, sauka a Dutsi ka kwana ɗaya, ka nemi yaro ya hau da kai, ka biya shi da kyau.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.